Jana'izar da Bashira Ta Rubuta

Bashira ba ta taɓa ganin mutumin Amish da idonta ba, Amurkan ma ko a mafarki ba ta je ba, amma sai da ta aurar da zawarawansu goma sha ɗaya daga hawa na goma sha huɗu na wani dogon gini a unguwar Pantai Dalam da ke birnin Kuala Lumpur. Ta gina musu rumbuna, ta tatsar musu shanu, ta sasanta su da surukansu, duk a kan wani teburin cin abinci mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wanda sai an cusa masa kwali yake tsayawa daidai.

In ba ka san su ba, ba laifinka ba ne. Wasu Kiristoci ne a ƙauyukan Amurka da suka ce su dai a bar su da rayuwar kakanninsu: ba lantarki, ba mota, sai keken doki da fitilar ƙwai, matansu kai a rufe, mazansu da gemu ba gashin baki. To ashe akwai matan birni a can, masu motoci da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda ba abin da suke so irin su miƙe ƙafa su karanta soyayyar waɗannan bayin Allah. Littafi bayan littafi suke haɗiyewa, har marubutan can suka kasa ƙosar da su. Aikin ya yi ta gangarowa daga hannu zuwa hannu har ya iso wurin Kalilu.

Kalilu ejan ne a unguwar Chow Kit, nan cikin birnin. In ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka komai: ɗaki ga sabon ɗalibi, layin waya, tikitin jirgi, kilishi in wani ya zo daga gida. Da korona ta sa aka kulle gari a watan Maris na 2020, ɗalibai suka daina zuwa, sai ya koma karɓo aikin rubutu daga wata Ba'amurkiya da ba ya kiranta da komai sai Madam. Shi kam ko wasiƙar kirki bai iya rubutawa ba. Amma ya san Bashira, matar abokinsa Yusha'u, ta karanta Turanci a Kano, kuma tana zaune a gida ba ta yin komai tun da ta biyo mijinta karatu.

Ranar da ta fara karanta dokokin Madam sai da ta yi dariya har da hawaye. Kada a sa lantarki. Kada saurayi ya riƙe hannun mace sai babin ƙarshe. A ambaci Ubangiji a kowane babi. In gobara ta ci rumbun wani, duk gari su taru su gina masa sabo a yini ɗaya.

"Dokta, zo ka gani!" ta ƙwala wa mijinta kira. Dokta take ce masa tun bai gama digirin ba, don tsokana. "Wannan ai Roni ce. Aikin gayya fa suke nufi. Doki kawai suka fi mu."

A Roni kakarta ta raine ta, a gidan da bai ga lantarki ba sai da ta shekara goma sha biyu. Ta san yadda ake goge gilashin fitila da toka, ta san ƙamshin madarar da aka tatso yanzu, ta san yadda tsofaffin mata suke hukunta mutum da shiru ba tare da sun ce masa kanzil ba. Sai kawai ta kwaso Roni, ta sa mata sunayen Turawa da dusar ƙanƙara, abin da ya rage ta cike da bidiyoyin da take kallo a waya. Madam ta ce masu karatu suna rantsuwa marubuciyar nan a cikin Amish ta tashi. Sunan wata mata daban ake bugawa a bangon littafin, matar da babu ita a duniya, kuma wannan bai taɓa damun Bashira ba.

Yusha'u ne mai karanta mata kowane babi. Mutum ne siriri mai wushirya, bahago, injiniyan ruwa da ke digirinsa na uku a babbar jami'ar nan ta Lembah Pantai. Kullum fensirinsa na maƙale a bayan kunnensa, kullum kuma yana zagaye gida yana nemansa. Shi yake gyara mata yadda ake haƙa rijiya da yadda ake ɗora azara. Da yake kowane littafi da bazawara yake farawa, in ya ga ta buɗe kwamfuta da sabon aiki sai ya ajiye mata shayi ya ce, "To Malama, yau kuma mijin wa za a kashe?" Ita kuma ta jefe shi da matashin kujera.

Abu ɗaya ya roƙe ta, kada ta bari maganar ta fita. Ya ce mutanenmu ba za su tsaya su ji bayani ba, da sun ji an ce Kirista an ce soyayya, shi ke nan.

A farkon Yulin 2021, lokacin da motocin asibiti suke jiniya a titin Pantai Dalam daga safe har yamma, cutar ta shigo musu gida. Ita ta tsaya mata a tari da ciwon kai, aka ɗaura mata wani abin hannu ruwan hoda na roba, aka ce kada ta kuskura ta fita. Shi kuwa numfashi ya gagare shi. Mutum biyu cikin fararen ledoji suka sauka da shi a lif, tana tsaye a bakin ƙofa, ba a bar ta ta wuce dokin ƙofar ba. Kwana shida ya yi. A na bakwai da hantsi wata nas ta kira ta, rabi Turanci rabi Malay, ta faɗa mata.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba wanka, taimama aka yi masa ta saman leda. Wani bawan Allah cikin masu binnewar ya turo mata bidiyo na sakan arba'in: motar haƙa rami tana ruri a gefe, mutum huɗu da ba a ganin fuskarsu suna sallah nesa-nesa da juna, jar ƙasa, shi ke nan. Mutumin da in ya fita masallacin Juma'a sai ya yi awa guda yana gaisawa da jama'a, mutum huɗu ne suka raka shi, su ɗin ma aikinsu ne. A Haɗejiya an zauna makoki a gidan mahaifinsa. Ƙanwarsa ta ɗaga mata waya ta ga tabarmi cike da mata, kafin ta gane fuska uku layin ya yanke.

Haka ta shiga takaba, ita kaɗai, a ɗaki biyu da falo. Ta tsefe kanta da hannunta, ta tattara kwalli da turare ta jefa a akwati. Ba wadda ta zauna kusa da ita ta ce mata ya haƙuri, ba wadda ta tura mata kwano ta ce daure ki sa wani abu a cikinki. Akwai zauren matan Arewa na Kuala Lumpur a waya, mata sun fi arba'in. Kwana biyu suna turo hoto iri ɗaya, wani farin fure da aka rubuta Allah ya jiƙansa a ƙasa, kowa ta kwafo daga ta sama da ita. A rana ta uku wata ta tambayi inda ake samun ragon layya, hira ta koma can.

A yi adalci, akwai Hajiya Halimatu. Dattijuwa ce mai sayar da kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya a Chow Kit, ita ce uwar zauren, in ta yi magana ba mai musawa. Duk Juma'a sai ta kira, wani lokaci ta aiko ɗan babur da tuwo.

"Ki yi haƙuri, Bashira," take cewa. "Kin ga halin da ake ciki, 'yan sanda a kowace hanya. Amma na yi miki alkawari, ranar fitarki duk za mu zo. Mu cika gidan nan, mu yi masa addu'a, mu yi miki kitso da lalle. Abin da ba mu yi masa ba, ranar za mu yi."

Wannan alkawari shi Bashira ta riƙe da hannu biyu. Ta zagaye ranar a kalanda, tsakiyar Nuwamba. Ba ta son komai a duniya sai wannan: mutane su zauna a tabarma saboda Yusha'u, su ambaci sunansa da bakinsu, ta ji da kunnenta. In an yi haka sai ta haɗa kayanta ta koma gida.

Tana sati na shida Kalilu ya kira. Ya yi ta'aziyyar minti ɗaya, sannan ya yi gyaran murya ya ce Madam tana tambayar littafi na goma sha biyu. Bashira ta so ta kashe wayar. Amma ciki ba ya takaba, kuma shirun gidan ya fara yi mata magana. Ta gyara kwalin teburin, ta buɗe kwamfuta.

Babi na ɗaya da na biyu ta yi su yadda ta saba. A na uku ne mijin zai mutu, wani kafinta mai suna Amos. Ta ba shi zazzaɓin kwana shida. Ba ta san lokacin da ta ba shi wushirya ba, ta mai da shi bahago, ta maƙala masa fensir a bayan kunne. Daga nan hannunta ya ƙwace. Kafin rana ta take, kekunan doki sun cika hanya har bakin rafi. Dattawa suka shiga suka wanke shi da ruwan ɗumi, a hankali, suna kiran sunansa. Aka naɗe shi a farin ƙyalle, maza suka ɗauke shi a kafaɗa suna karɓa-karɓa, kowa yana son hannunsa ya taɓa makarar. Limaminsu ya yi karatu da yarensu, suka yi irin waƙar nan tasu mai ja, aka binne shi kafin la'asar a ƙarƙashin wata bishiya. Mata suna gida, sun kewaye matar. Kwana uku ba a hura wuta a gidan ba, maƙwabta ke shigo da kwanuka. Wata tsohuwa ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta tsefe mata kai. Kowa ya shigo sai ya faɗi wani alheri da mamacin ya taɓa yi masa: wannan ya gyara masa rijiya, wancan ya raka shi asibiti. Sannan matar ta zauna a ɗakinta wata huɗu da kwana goma, kuma ba a bar ta ta yini ita kaɗai ba ko sau ɗaya.

Shafi talatin ta rubuta cikin kwana uku, tana yi tana share majina da gefen zani. Tun rasuwar, sai a ranar ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Wallahi ko kaɗan ba ta lura ta yi kuskure ba. A wurinta haka ake binne mutum, ina kuma wata hanyar?

Bayan sati Kalilu ya kira, muryarsa a sama.

"Malama, me kika yi haka? Madam ta ce su Amish ba sa binne mutum ranar da ya mutu, kwana uku suke yi. A akwati suke sa shi. Matansu ma suna zuwa maƙabarta. Wannan wata huɗu da kwana goman kuma, ta ce ina kika samo shi? Ta ce wannan ba nasu ba ne sam."

"Sai me kuma ta ce?"

"Ta ce shafi talatin ana kuka, masu karatu ba makoki suka zo ba. Ki mai da shi shafi biyu, sabon saurayi ya shigo a babi na huɗu."

"Ka ce mata ko waƙafi ba zan taɓa ba."

"Haba Malama, boleh lah, zai yiwu mana, aikin awa biyu ne fa. Labari ne kawai!"

"Kalilu, ka karanta babin?"

Ina fa ya karanta, shi da ko na ɗaya bai taɓa buɗewa ba.

"Da ka karanta da ka ga abokinka a ciki. An binne shi sau ɗaya a sakan arba'in. Ba zan sake binne shi a shafi biyu ba."

Ya lallaɓa, ya yi faɗa, ya sake lallaɓawa. Ta ƙi. Madam kuwa ba ta da lokacin jira, ta ɗauke aikin gaba ɗaya ta ba wasu a wata ƙasar. Kalilu ya shiga gida yana huci, ya zazzage wa matarsa komai, matar kuma bakinta ba ya riƙe ko ruwa.

Bashira ba ta ji komai kai tsaye ba. Ta dai ga zauren matan ya yi tsit. Zauren da a yini ake zuba saƙo ɗari, ya koma sai sallamar Juma'a. 'Yar Roni ce, ta san irin wannan shirun, ta gane an buɗe wani zauren ne babu ita. Sai wata ta yi kuskuren turo saƙon murya inda bai kamata ba, ta goge, amma Bashira ta riga ta saurara. Wai mace tana cikin takaba, kabarin mijinta bai bushe ba, tana zaune tana rubuta wa 'yan coci labarin soyayya. Wai da ma can shekara guda ke nan tana yi musu aiki, Allah kaɗai ya san abin da ke zuciyarta. Kai jama'a! Matan da ba wadda ta tako ta ga ko tana da rai, su ne suka san zuciyarta.

A watan Oktoba aka buɗe hanyoyi, aka ce masu rigakafi su ziyarci juna. Ta ga hotunansu a wurin suna a Wangsa Maju, sun sha anko. Ba wadda ta biyo ta Pantai Dalam. Hajiya Halimatu ma kiran Juma'ar ya koma gajere, gaisuwa da addu'a kawai. Duk da haka Bashira ba ta cire rai ba. Ta ce a ranta alkawari ne, kuma ba don ita za su zo ba, don mamaci ne, shi kuwa bai yi wa kowa laifi ba.

Ana gobe fita ta jiƙa shinkafa. Ta aiki mai gadi ya sayo mata kabewa da alayyahu a kedai, wato ɗan kantin da ke ƙasa, ta roƙi mai kula da ƙaramin masallacin ginin ya ara mata tabarmi biyar. Da safe ta yi wanka, ta sa atamfar da ta ajiye, ta ɗora tandar da ta zo da ita daga Kano. Ta soya waina ta mutum arba'in, ta yi miyar taushe. Ta jingine teburin a bango, ta shimfiɗa tabarmin har bakin kicin, ta bar ƙofa a buɗe.

Aka yi azahar. Duk lokacin da lif ya yi ƙara sai ta miƙe ta gyara ɗankwali. 'Yan makarantar maƙwabta ne, ko mai kawo saƙo. Aka yi la'asar, ruwan Nuwamba ya sauko ya ɗauke, wainar ta huce ta yi tauri a gefe.

Wajen ƙarfe biyar Hajiya Halimatu ta fito daga lif, ita kaɗai, da lema a hannu da ƙullin lalle a leda. Ta tsaya a ƙofa ta dubi tabarmin nan biyar, ta dubi kulolin waina, ta sunkuyar da kai. Ta cire takalmi ta zauna a bakin ta farko.

"Ya ƙarin haƙuri, Bashira?"

"Da godiya, Anti. Ina sauran?"

"Na yi iya yina." Ta sauke takunkumin fuskarta. "Sun ce sai kin fito kin yi bayani, kin ce kin tuba kin bari. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye miki ba. Me kika rubuta haka da har kika zaɓe shi a kan abincinki da mutuncinki?"

Bashira ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko kwamfutar ta zauna a gabanta, ta buɗe babi na uku, ta fara karantawa tana juya shi da Hausa. Da ta zo kan fensir, dattijuwar ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu, Yusha'u!" Da aka zo wurin wanka ta fara hawaye. Da tsohuwar littafin ta zaunar da matar tana tsefe mata kai, Hajiya Halimatu ta rufe fuska da mayafi tana kuka sosai, kafaɗunta suna rawa. Bashira ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshen shafi na talatin.

Dattijuwar ta share ido, ta ja dogon numfashi.

"Na ji, kuma na gane. Amma Bashira, tsakaninki da Allah. Mutumin nan Musulmi ne, ɗan sahun gaba. Ki ɗauke shi ki sa masa sunan wasu, ki kai shi maƙabartarsu, limaminsu ya yi masa karatu, a yi masa waƙa? Duk duniyar nan kin rasa masu raka shi sai su?"

Bashira ta rufe kwamfutar. Ta dubi tabarmi huɗu da ba wanda ya taka, tun daga nan har bakin kicin.

"Anti," ta ce, "su ne suka zo."